Kan da Ba Ta Taɓawa

Litinin, 3 ga Yuni, da yamma

Na iso tsibirin Santo lafiya. Kwana biyu a jirgin ruwa, tsakanin buhunan busasshiyar kwakwa da wani alade da ya fi kyaftin ɗin natsuwa. Dudley taubashina ya tarbe ni a tasha. Ya ce, "Lonsdale, ga ni nan a bayanka. Wannan da kake gaisarwa gangar mai ce." Na san ganga ce. Gwada shi nake yi.

Na sauka a gidansa a unguwar Sarakata. Da can gidan ɗana Marsden nake sauka. Bana na ga gidan Dudley ya fi iska. Dalilin ke nan, babu wani.

Littafin nan na Edna jikata ne, na lissafi, rabinsa babu rubutu. Ban taɓa zama a aji ba. Fada Silas ne ya nuna mini haruffa a littafin waƙoƙin coci bayan na yi aure, saboda haka duk wanda rubutuna bai yi masa ba ya je ya tone Fada ya kai masa ƙara. Manya-manya nake yin su yanzu. Haka nake so.

Idon dama ya daɗe da mutuwa, tun ranar da ƙugiyar kifi ta dawo mini. Na hagu ne aka ce yana ta rufe shi. Likitar da ke cire yana za ta zo daga Fiji ran sha bakwai, ta yi mako guda ta tafi, sai kuma baɗi. Mutanen ƙauyenmu suka ɗora ni a jirgi kamar kaya. Wai in na makance wa zai riƙa faɗa musu wanda ya haifi wane, da inda gonar wane ta tsaya. Na ce da baki nake faɗa, ba da ido ba. Ba wanda ya saurara.

Lafiya ƙalau nake.

Talata, 4 ga Yuni, bayan tsakar rana

Asibiti. Dogon benci a baranda, tsofaffi a jere kamar kaji a kan reshe. Kusa da ni wata tsohuwa 'yar tsibirin Ambae, Hilda, wadda bakinta bai san Lahadi ba. Kafin a buɗe ƙofa na san ciwon mijinta, da sunan karenta, da abin da take tunani game da mu mutanen tsibiran Banks.

Aka buɗe ƙofa, wata murya ta fara kiran sunaye. Na san muryar. Na san tana aiki a asibitin nan, amma a ɗakin yara na bar ta. Ashe an tura ta karatu, ta dawo ita ce mai gwajin ido. Ba wanda ya gaya mini. Ko an gaya mini a cikin watannin da na daina son jin labarin gidan.

Ta kira mutum bakwai. Da ta zo kaina ba ta kira sunana ba. Can ta ce, "Kakan Edna."

Hilda ta zungure ni. "Kai ne? Ba ka da suna ne, ko bashi ake bin ka?"

Na ce, "Matar ɗana ce."

"To sai me?"

Na ce mata a wurinmu matar ɗa ba ta kiran sunan uban miji, shi ma ba ya kiran nata. Ba ta tsayawa a kansa yana zaune. Ba ta miƙa hannu ta saman kansa, ko da gishiri ne a rataye. Magana ma sai ta bakin wani. Taɓa kai kuwa, ba a ma kawo zancensa.

Hilda ta ce, "Mu ma muna da irin wannan. Amma a ƙauye muke barinsa tare da aladu in za mu zo gari."

Na ce shi ya sa dutsenku yake ta aman toka.

Sunanta ba zai shiga littafin nan ba. Abin da bai fita ta bakina ba, ba zai fita ta fensirina ba. Uwar Edna ce.

Ta roƙi Hilda ta shigo ta zauna a tsakaninmu. Ita kuma ta jawo 'yar kujerar yara ta zauna can ƙasa, don kada kanta ya wuce nawa. Ta ce, "Iya, a gaya wa kakan Edna ya karanta allon daga sama."

To, ni mutum bakwai na ji sun karanta allon nan ta taga. Mutumin da ke riƙe da kakanni goma sha huɗu na kowane gida a tsibirinmu, haruffa talatin ne za su gagare shi? Na miƙe wuya na zuba su tun daga sama har layin ƙarshe, wanda ko samari ba sa kaiwa. Na ce a raina, yanzu za a rubuta idona garau ne, in koma gida.

Sai ta ce a hankali, "Iya, a gaya wa kakan Edna bai yi kuskure ko ɗaya ba. Sai dai allon yana bangon hagu. Wanda yake kallo kalanda ce."

Hilda ta yi dariya har sai da aka ba ta ruwa.

Aka koma ƙirga yatsu. Ba zan rubuta yadda wannan ya kasance ba.

Daga nan aka ce saura in ɗora haɓa a kan na'ura, a ɗiga mini magani, a riƙe fatar ido, a auna tsawon ƙwayar idon, don likita ta san girman ɗan gilashin da za ta sa a madadin yanar. Na ce wa zai riƙe? Ashe ita ce. Na ce babu namiji a aikin nan? Akwai, wani Fred, amma ya tafi zagayen tsibirai da akwatin tabarau, sai jirgin Asabar.

Na ce zan jira Fred.

Alhamis, 6 ga Yuni, da hantsi

Gidan Dudley ba abin yi sai sauraron Dudley. Na koma bencin asibiti, can ma akwai iska.

Ina zaune ina jin aikinta ta taga. Tun kafin mutane su taru take dafa ƙarafan aiki a wata tukunya mai huci. Ta goge na'urori. Ta gwada kowa a allo. Akwai wani abu da take dangwala wa mutum a ido don ta ji ko ruwan cikinsa ya yi ƙarfi, ta ce shi ne ke makantar da mutum ba ciwo ba ƙaiƙayi. Yau an kawo wani mai walda da ɗan ƙarfe a ido, yana ihu kamar an kama shi da matar wani. Ta ce, "Babban mutum, in ka ƙara motsi zan kira matarka ta riƙe ka." Ya yi lamo. Ta cire, ta nuna masa a kan auduga, ya ce ɗan wannan ne kawai? Ta ce ɗan wannan ne, gobe ka sa tabaranka.

Wani tsoho kuma ya dawo yana ƙorafi maganin ɗigawa bai yi masa komai ba. Ta tambaye shi yadda yake sa shi. A shayi. Ba ta yi masa dariya ba. Ta zauna ta koya masa har sau uku, yadda zai ja fatar ƙasa, ya dubi sama, ya ɗiga ɗaya tak. Hilda ce ta yi dariyar a madadin kowa.

Da can in uwar Edna ta yi dariya a gidanmu har bakin teku ake ji. Kwana biyu ke nan ina wurin tagar nan, ban ji ta ba.

Asabar, 8 ga Yuni, da yamma

Jirgin Fred bai zo ba. Wai inji.

Lahadi, 9 ga Yuni, bayan coci

Edna ta kawo mini laplap, wato gasasshen tuwon doya da kifi a ganyen ayaba, da zafinsa. Na san hannun da ya yi shi, ba a cika gishiri ba, yadda nake so. Yarinyar ta yi tsawo, na shafa kanta na ji ta kai mini ƙirji.

Ta ce, "Kaka, Baba ya aiko mini da takalmi daga New Zealand. Mai fitila a dunduniya."

Na ce madalla.

"Ni kaɗai ya aiko wa."

Na ce ta miƙo mini ruwa.

Wata bakwai aka ce tsinkar tuffa da ubanta ya tafi yi take ɗauka. Ban san irin tuffar da ake shekara biyu ana tsinka ba. Ni manomin gwaza ne, ban san itacen Turawa ba.

Laplap ɗin ya yi daɗi. Lafiya ƙalau nake.

Talata, 11 ga Yuni, tsakar rana

Uwar Edna ba ta cin abincin rana. Na lura, ƙofarta ba ta rufuwa da tsakar rana kamar ta sauran. Na sayi dafaffen rogo da gyaɗa a bakin titi na ba Hilda ta kai mata, ta ce mata wani majinyaci ne ya bari.

Hilda ta shiga ta ce da ƙarfi, "Ga shi in ji surukinki, wai in ce ba shi ba ne."

Matar nan in aka buɗe mata ido ban san abin da zai rage a garin nan ba.

Laraba, 12 ga Yuni, da safe

Na faɗa lambatu a bakin kasuwa. Ba zurfi. An matsar da shi ne, bara ba a nan yake ba.

Juma'a, 14 ga Yuni, da yamma

Yayyen uwar Edna biyu sun zo daga tsibirin Gaua, sun sauka a gidanta. Na san ubansu, na san kakansu, ni na faɗi sunayen zuriyarsu a ranar da aka kawo ta gidanmu, har kakarsu ta yi kuka don ta ji sunan uwarta da kowa ya manta. Ba su zo gaishe ni ba.

Wataƙila ba su san gidan Dudley ba.

Asabar, 15 ga Yuni

Jirgin Fred bai zo ba.

Lahadi, 16 ga Yuni, da almuru

Mun je rumfar kava, ruwan saiwar nan mai kwantar da jiki, ni da Dudley. Ƙoƙo na biyu bakinsa ya kwance.

Ya ce, "Kai tsohon kunkuru, gobe likita za ta iso. Za ka zauna ka makance saboda Fred?"

Na ce Fred yaron kirki ne.

"Ka taɓa ganinsa?"

Na ce ba na ganin kowa, shi ya sa na zo.

Ya matso. Ya ce, "Lonsdale, mu bar wasa. Garin nan kaf an san abin da ke nan. Har hoton ɗanka da wata mata an gani a waya. Yayyenta ba yawon buɗe ido suka zo ba. Yarinyar nan ai yanzu kusan a ce ba surukarka ba ce. Ka bari ta yi aikinta kamar kowace ma'aikaciya, ba wanda zai ce ka karya doka."

Na ce kavar nan an cika mata ruwa.

Ya ce, "Da kai nake."

Na ce na ji, kuma an cika mata ruwa. Na tashi na taho ni kaɗai, na bi katanga da hannu. Na shiga gidan maƙwabta sau ɗaya kawai.

Dudley ba mugu ba ne, wauta ce gadonsu, na san inda ta samo asali, daga wajen kakarsa ta uwa. Abin da bai gane ba shi ne, abin da ya faɗa shi ne abin da ya hana ni. In na miƙa mata kaina don an ce ta zama baƙuwa, to ni da kaina na fitar da ita, tun kafin yayyenta su ɗaure mata kaya. Muddin ba ta taɓa kan nan ba, matar gidanmu ce. Wancan ɗan nawa ya saki abin da ya saki. Ni ban saki ba.

Ido ɗaya ne. Na ga abubuwa da yawa da shi.

Litinin, 17 ga Yuni, da yamma

Likita ta iso. Doguwa, muryarta kamar ta mai sayar da kifi, na ji daɗinta. An yi wa mutum goma sha wani abu yau, har da Hilda.

Da ta fito shan iska ta zauna kusa da ni a benci. An riga an ba ta labarina. Na ce tunda ke likita ce, ki auna da kanki mana.

Ta ce, "Baba, zan iya aunawa. Amma in ka kwanta a gadon aiki, wa zai wanke maka fuska? Wa zai sa alama a goshinka don kada in yanka idon da ba shi ba? Wa zai miƙo mini ƙarafa? Duk ta saman kanka za su bi, kuma hannu biyu gare ni. Ita ce sauran hannuwana."

Na ce to baɗi.

Ta ce, "Yanar nan ta nuna har ta fara wuce nuna. Ba zan yi maka alkawarin baɗi ba. Laraba ce ranar awo ta ƙarshe."

Na ce mata Fiji ma akwai mutanen kirki, wani ɗan'uwan kakana ya je yankan rake can bai dawo ba. Na ba ta sunansa ko za ta ji labari.

Talata, 18 ga Yuni, da safe

An buɗe wa Hilda ido. Ta fito baranda tana ihu, tana taɓa ganye, tana karanta lambar motoci. Ta tsaya a gabana ta daɗe. Ta ce, "Wayyo. Da muryar nan na zaci kyakkyawa ne."

Na ce ta koma a mayar mata da yanarta.

Ta zauna. Ta ce a hankali, "Akwai tsuntsaye a kan wayar can, tsoho. Guda tara. Na manta ana ganin ƙafafunsu."



Talata, kafin faɗuwar rana

Ina zaune a gindin mangwaron Dudley na ji takun da na sani. Ta zo da farar rigar aikinta, farin ne kaɗai nake iya gani. Ta zauna a ƙasa can nesa, ta ba ni gefe. Babu kowa a gidan da zai shiga tsakani, sai ta gaida mangwaron. Mangwaro ya amsa da bakina.

Ta ce, "A gaya wa kakan Edna, yayyena sun ce in bi su gida. An kuma ba ni wurin aiki a Vila, babban birni. Ban amsa wa kowa ba tukuna."

Na ce mangwaro ya ji.

"Mutane suna cewa yanzu ya halatta in taɓa kansa. Ba da wannan maganar na zo ba, ban kuma ji daɗinta ba. Amma ko ina nan ko ba na nan, ba zan iya ganin Edna tana jan kakanta da sanda ba, alhali abin awa guda ne a hannuna. Kullum ina yi wa iyayen wasu. Shi ne ya san labarin kowa. A duk kakannin nan babu wadda ta taɓa shiga irin wannan?"

Akwai. Tun ranar farko na san akwai. Tsoron ƙarshen labarin ne ya sa na zauna a kansa.

Na gaya wa mangwaro labarin Romatan, matar ɗan Wosur, kakan kakata. Kwalekwalen Wosur ya kife a bakin duwatsun teku, tana can tana tsintar kaguwa, ba namiji ko ɗaya a kusa. Ta faɗa ruwa ta damƙo shi ta gashin kai, ta ja shi har kan yashi. Ya farfaɗo yana tari yana zagin teku, tunda ita ba ta zaguwa, ba ta da suna a bakinsa. Bayan 'yan kwanaki ta kawo farin zakara ta ɗaure a turken ƙofarsa. Ya yanka ya ci shi kaɗai. Kansa ya koma yadda yake, ita ma ta koma yadda take, har ta binne shi.

Sannan na ce akwai kuma wata, ba zan faɗi sunanta ba don jikokinta suna nan. Ita reshe ne ya fasa wa surukinta kai, ta ɗaure masa. Ba ta kawo zakara ba, don zamanta a gidan ya riga ya ƙare, ba kuma laifinta ba ne. Ta koma wurin danginta. Ba wanda ya zage ta. Duk shekara ana aika mata rabonta na doya har ta mutu.

Na ce, "A gaya wa uwar Edna, zakara ba a roƙonsa, ba a kuma bin sa. Wadda za ta zauna ita ke kawowa. Wadda za ta tafi, ta tafi da mutuncinta. Gobe da safe zan zo da kaina, in ɗora shi inda aka ce."

Can ta ce, "A gaya masa ya wanke fuska da sabulu. Kada ya shafa man kwakwa."

Ashe Dudley yana bayan tankin ruwa tun ɗazu. Da ta tafi ya fito yana jan hanci, wai mura. Ya ce, "Romatan na sani. Ta biyun nan fa, ban taɓa jin labarinta ba."

Na ce abubuwan da bai taɓa ji ba sun fi gashin kansa yawa.

Shekara hamsin ban ƙara wa kakanni ko mutum ɗaya ba. Su yi haƙuri da wannan.

Laraba, 19 ga Yuni, da yamma

Rubutun yau zai karkace, maganin ya buɗe mini ido kamar na mujiya.

Ba Hilda, ba mangwaro. Ta rufe ƙofa ta ce, "Baba, ku yi haƙuri." Karo na farko ke nan da maganarta ta zo mini kai tsaye. Ta sa tafin hannu a bayan kaina ta tura shi gaba har goshi ya taɓa na'ura. Hannun da sanyi, yana ƙanshin sabulun asibiti. Na jira sama ta faɗo. Fanka kawai ke juyawa.

Daga nan ta kama aiki. "Ku buɗe. Kada ku ƙifta. Ku dubi jan ɗigon nan. Baba, jan ɗigon na ce, ba ƙofa ba. Kun motsa, sai mun sake." Sau biyar muka sake. Shekara goma sha ɗaya tana gidanmu tana tafiya a sunkuye, ban san tana da tsawa haka ba. Na ji tausayin mai walda.

Ta rubuta lambobinta, ta sake aunawa don ta tabbatar, ta ce da kyau. Gobe kada in ci komai mai nauyi.

Juma'a, 21 ga Yuni, tsakar rana

Jiya ban rubuta ba, an rufe idon da bandeji, ɗayan kuma ba ya aiki tun zamanin Turawa.

Ta sa mini alama a goshi da alƙalami kamar alade na biki. A kan gado na ji likita tana kiran ƙarafa, suna wucewa ta saman kaina ɗaya bayan ɗaya, tun kafin ta rufe baki an miƙa mata. Da na fara jin tsoro sai na kama jero zuriyar gidanmu a zuci. Ban kai kan ubana ba aka ce an gama.

Yau da safe uwar Edna ce ta ɓare bandejin. Ta goge da auduga. Ta ce, "Ku buɗe a hankali."

Na dubi ƙasa, yadda ya kamata. Ashe daɓen ɗakin kore ne. Ga tururuwa ɗauke da ɗan burodi, na ga ƙafafunta. Ga takalmin uwar Edna, farare, na hagu ya tsage a gefe an ɗinke da zaren kamun kifi.

Ta kunna allo. Ta canza shi, 'yar wayo, ba haruffan da na haddace ba ne. Na karanta har layi na biyar da gumina. Ta ce, "Wannan karon da gaske ne," sai dariyar ta kuɓuce mata. Ba ta kai bakin teku ba, amma ta kai baranda.

Na ga furfura biyu a gefen kanta. Ban duba ba. Idon ne sabo, bai san doka ba tukuna.

Dudley ya tsufa ƙwarai. Na gaya masa. Na buɗe littafin nan kuma na ga rubutuna na kwanakin baya, kamar kaguwa ta faɗa tawada.

Asabar, 22 ga Yuni, da safe

Akwai turke a ƙofar ɗakin da nake kwana. Na akuya ne da can. Na gan shi ne kawai don yanzu ina ganin komai.

Lahadi, 23 ga Yuni, da asuba

Zakaran maƙwabta ne ya yi cara.

Litinin, 24 ga Yuni, da hantsi

Fred ya iso. Ya zo har gida yana ba ni haƙuri, wai ya ji na jira shi mako biyu. Gajere ne. Na ce ba komai, ya gaida injin.

Wancan na New Zealand ya kira wayar Dudley, wai ya ji an yi mini aiki. Na ce a gaya masa likita ta hana ni ɗaukar abu mai nauyi.

Turke babu komai. Lafiya ƙalau nake.

Talata, 25 ga Yuni, da yamma

Yayyenta sun hau jirgin Gaua. Ba ta ciki, in ji Dudley, ya tsaya har aka janye tsani. Amma na Vila sai Asabar.

Na ce masa ban aike shi ba.

Laraba, 26 ga Yuni, tsakar rana

Dubawa ta ƙarshe. Fred ne ya riƙe mini ido, ita tana gefe tana karanta takarda. Ta ce a gaya wa kakan Edna ɗigo huɗu a rana har wata guda, kada ruwan teku ya shiga, kada ya tsaya a hayaƙi, kada ya sa a shayi. Ta ba Fred baƙin tabarau ya ba ni. Hilda ta ce na yi kama da ɓarawon shanu.

Ba a yi maganar komai ba. Ni na ce ba a roƙo. Ni na faɗa da bakina.

Gobe jirginmu.

Alhamis, 27 ga Yuni, a cikin jirgi, rana ta karkata

Ana loda shinkafa na hango su tun daga bakin titi, da idona, ita da Edna. Takalmin yarinyar yana walƙiya. Uwar tana riƙe da kwalin magani da aka huda wa ramuka. Kwalin ya yi ƙanƙanta. Na ce a raina, ragowar ɗigo ne, tsoho, ka gyara fuskarka.

Ta ajiye shi a ƙasa, ta ja da baya ta tsuguna, ta fuskanci wani buhun shinkafa.

Ta ce, "A gaya wa kakan Edna, akwai manyan zakaru farare a kasuwa, na gan su, ba zan yi masa ƙarya ba. Na tsaya a gabansu jiya da shekaranjiya. Wannan ne abin da na iya kawowa yanzu."

Edna ta buɗe kwalin. Ɗan tsako ne, fari, bai cika tafin hannu ba, yana ta tsiwa.

"Mai shi ya ce bai sani ba ko namiji ne ko mace. A kai shi gida a kiwata. Kafin ya isa yanka, ni ma na san inda na tsaya. Vila na ce su ba ni zuwa Kirsimeti."

Na gyara tabarau, iskar teku tana sa sabon ido ruwa, an gaya mini. Na ce wa buhun shinkafa, "A gaya wa uwar Edna, babu tsako a labarin kakanni. Daga yau akwai. A kuma gaya mata ta riƙa rufe ƙofa tana cin abincin rana."

Ta ce buhu ya ji.

Yana nan cikin hulata yanzu, ya ci guntun biskit ya yi abin da ya ga dama a ciki. Kafin in hau, Dudley ya leƙa ya ce wannan ai mace ce, ko makaho ya sani. Na ɗaga shi a rana na duba da kyau, ta gaba da ta gefe. Akwai ɗan ja-ja a saman kansa, daidai inda zanko ke fitowa.

Dudley ba a yi masa aikin ido ba.